Dogon Numfashin Barau

Da sunan Wanda ya hura numfashi a ƙirjin ɗan Adam, ya kuma ajiye ranar da zai karɓi abinsa. Ku matso kusa, jama'a, muryata ba ta kaiwa nesa yanzu. Ni ne Nomau ɗan Tankari, mabushi jikan mabusa, mutumin Dutsin Kirya. Na taka ƙasar da gora ke kuka, na haye gadar maƙera, na zauna a birnin da ake ɗaure busa a takarda. Abin da na samo da abin da na baro, duk zan faɗa muku.

Mahaifinmu shi ne Sarkin Busan garinmu. Take-taken da ke kansa ba wanda ya san iyakarsu: na noma, na farauta, na naɗi, na rakiyar gawa. Mu biyu ya haifa maza, wana Barau da ni. Barau ƙato ne mai faɗin ƙirji, in ya kama algaita har bayan dutse ana ji. Ni kuwa busata ba ta taka kara ta karya ba, sai dai kunne. In na ji take sau ɗaya ya zauna. Ba mu kai ga koyon rabin abin da mahaifinmu ya sani ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar da zai cika, bakinsa ya riga ya mutu, amma yatsunsa na ta motsi a kan ƙirjinsa suna toshe ramukan algaitar da ba ta nan. Na tsura musu ido ina so in gane wane take ne, ban gane ba. Haka aka kai shi da shi.

Bayan sadakar arba'in wani tsohon mayaƙi ya sauka a zaurenmu. Da ya ji abin da ke cin raina, sai ya ce can gabas, bayan duwatsun maƙera, akwai birni a bakin kogi sunansa Sarmadana. A can, in ji shi, ana rubuta busa kamar yadda ake rubuta magana, 'yan badujala su zauna sahu-sahu kowa da takardarsa, su busa abin da wanda ya mutu tuntuni ya ƙaga, ba ragi ba ƙari.

Na ce wa Barau zan tafi. Ya ce, "Kai da ko tulu ba ka iya ɗauka? Bari in ɗaure kayana."

Muka yi ta tafiya har muka shiga Fadamar Gora. Gorar wannan wuri ta fi rimi tsawo, ƙwari sun huda ta ko'ina, iska na shiga tana fita da kuka dubu. Mutanen wurin duk sun kurmance, da hannu suke magana, matafiyi kuwa in ya shiga sai kansa ya juye ya yi ta zagaye har ƙishirwa ta kashe shi. Mun ga ƙasusuwa. Na lura gorar da ke kusa da ruwa muryarta ta fi kauri, don haka na rufe ido, na kama gefen rigar Barau ina juya shi, muna bin murya mai kauri har muka faɗa rafi. Rafin ne ya fitar da mu.

Daga nan muka hau duwatsun maƙera, inda gada ɗaya tak ta ratsa wani kwazazzabo marar gindi. Shugabansu, wani jibgege mai suna Jangwarzo, yana da ƙahon ƙarfe da aka haɗa da zuga-zugi. Dokarsa ita ce duk mabushin da zai haye sai ya yi gasar tsawon busa da ƙahon. In ya gaza, a narkar da abin busarsa, shi kuma a ɗaure shi yana zuga wuta har ya mutu. Mun ga waɗanda suka gaza, gashinsu duk ya babbake.

Barau ya zauna ya gyara algaitarsa. Abin da maƙeran ba su sani ba, gidanmu muna da gadon wata dabara: mutum ya tara iska a kumatu yana tura ta, ya shaƙi sabuwa ta hanci, busa ba ta yankewa. Aka fara da hantsi. Masu zuga suka gaji aka canja su, aka sake canjawa. Rana ta take tsaka, inuwa ta juya, Barau na zaune idonsa a lumshe kamar mai jin barci. Can sai fatar zuga-zugin ta yage. Barau ya ƙara ɗan jim don kada a yi gardama, sannan ya sauke algaitar ya ce a ba shi ruwa. Jangwarzo ya buɗe mana hanya yana ƙunƙuni.

Da muka isa Sarmadana, muka tarar da birni mai ganuwa ta farin dutse, ƙafarsa a cikin Kogin Barkanje. Mace ke mulkinsa, suna ce mata Magajiya. A tsakiyar birnin akwai Gidan Busa, kuma ranar da muka shiga ana gwaji. Ban taɓa ganin kayan busa irin waɗannan ba: sarewa ta azurfa, baƙaƙen algaitu na katako masu maɓallai, begila, ƙahonin tagulla a murɗe kamar hanjin rago, da wani wanda ake jan bututunsa gaba da baya. A sahun ƙarshe akwai uban su duka, wanda ke naɗe mutum kamar mesa, bakinsa ya kai faɗin faifai uku. Giwa suke ce masa. Wani dattijo siriri ya ɗaga 'yar sanda, ya sauke, sai gidan duka ya yi magana da murya ɗaya mai rassa. Na zauna a ƙasa ina hawaye.

Wannan dattijo shi ne Malam Zabarjadi, uban Gidan Busa. Ya saurari labarinmu, ya rera wani abu ya ce in maimaita, na maimaita. Ya yi murmushi ya ce, "Kai za ka hau bene wurin marubuta. Wanka kuma mu ga abin da ƙirjin nan zai yi."

Ba zan ci amanar gaskiya ba, mutumin nan ya koya mini. Shi ya nuna mini layukan nan biyar-biyar da baƙaƙen ɗige masu jela da ke iyo a kansu kamar talibambam. Shi ya koya mini cewa aikin gidan iri biyu ne. Akwai ƙagawa, wato mutum ya fito da sabon take daga kansa. Akwai rabawa, wato a ɗauki taken da ke akwai a rarraba shi ga mabusa, a san abin da za a ba sarewa da abin da za a ba ƙaho. A rabawa ban ga na biyunsa ba. Yakan ɗauki waƙar daka ta mata ya shirya ta, ka ji kamar fada ta taso. Yakan tsaya a bayana ya ce, "Ɗan samari, kada ka ba sarewa magana lokacin da begila ke ihu, ba mai jin ta." Yakan ce, "Ka bar musu wurin shaƙar iska. Takarda ba ta da ƙirji, su ke da shi."

Ni ina sama ina ƙaruwa, Barau na ƙasa yana raguwa. Karatun ɗigen ya ƙi shiga kansa. Algaitarsa kuma suka ce muryarta na faɗawa tsakanin layi da layi, ba ta da gurbi, aka rataye ta a ƙusa. Aka naɗa masa Giwa aka kai shi sahun baya, aikinsa ya ce "bum", ya jira, ya sake cewa "bum". Mutumin da ya yaga zuga-zugin Jangwarzo. In mun zauna cin tuwo sai ya ce, "Yau ma na yi tarin jaki har sau nawa, Nomau. Kai me ka rubuta?" Sai ya yi dariya, amma ba ya gama tuwonsa.

Shekaru suka shuɗe a haka. Wata rana hadari ya taso a kan kogi, ƙamshin ƙasa ya shigo ta tagar bene, sai kewar gida ta kama ni har na kasa riƙe alƙalami. A cikin wannan kewa wani take ya zo mini wanda ba na mahaifina ba ne, ba kuma na kowa ba. Na yi damina guda ina rubuta shi. Sarewa ke buɗewa ita kaɗai kamar yayyafin farko, baƙaƙen algaitu su shigo kamar mata na kwashe shanya, ƙahoni su taso da iska. A tsakiya kowa ya yi ƙasa da murya, Giwa ta ɗauki taken ita kaɗai, kamar tsawa daga nesa. Don Barau na rubuta wurin. Na yanka masa shi gaɓa-gaɓa, na bar masa wurin hutu bayan kowace gaɓa, domin Giwa ba algaita ba ce, tana shan iskar mutum kamar rijiya. Na sa masa suna Saukar Damina.

Na kai wa Malam Zabarjadi. Ya karanta a tsaye, bai zauna ba har ya kai ƙarshe. Ya ce za a busa shi ranar bikin Magajiya.

Ranar da aka raba takardu, na leƙa ta Giwa, sai na ga an kankare wuraren hutun da wuƙa. Bayan taken kuma an ƙara murya ɗaya mai kauri, an ja ta layi bayan layi, shafi bayan shafi, sauran mabusa su yi ta kaiwa da komowa a kanta ita ba ta yankewa. Na ruga wurinsa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ba abin da na rubuta ba ne. Ba ƙirjin da zai ɗauki wannan."

Ya ce, "Na wanka zai ɗauka. Ba kai ka ba ni labarin gada ba?"

"Wancan algaita ce, Malam. Kai ka ce a bar musu wurin shaƙar iska."

"Na ce. Amma Magajiya ta sha jin busa mai daɗi, ta ƙoshi. Abin da ba ta taɓa ji ba take so."

Na sauka na sami Barau na roƙe shi ya ƙi. Ya shafa bakin Giwa. Ya ce, "Ƙanena, tun da muka zo garin nan ba wanda ya taɓa waiwayowa ya dubi sahun baya. Ka bar ni su waiwayo sau ɗaya."

Na ce, "Yaya, zai kashe ka."

Ya ce, "To, zaman nan da nake yi fa, me yake yi mini?"

A gwaji Malam bai taɓa barin a kai wurin ba, wai kada labari ya fita. Ranar biki dandali ya cika har kan soraye. Sarewa ta fara, na ji abin da ya kwana a kaina damina guda yana fita daga bakin mutane, kuma ya fi yadda na zata kyau. Aka zo wurin Barau, ya busa taken, na ga mata na share ido. Sannan ya shiga doguwar muryar. Jama'a suka fara waiwayowa. Magajiya ta miƙe tsaye. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar igiya, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, idanunsa sun firfito. Ina kallon sandar Malam ina roƙon Allah ya sa ya hanzarta, sai na ga yana ƙara ja da gangan. Barau bai yanke ba. Ya kai ta har inda aka rubuta. Da sandar ta sauka, ya cire bakinsa, jini ya biyo.

Ina tsugune ina tallafe kansa na ji sanƙira na shela cewa wannan take Malam Zabarjadi ne ya ƙaga shi don girmama Magajiya, sunansa Tsawar Sarmadana.

Barau bai mutu ba. Wani abu ne ya tsage a ƙirjinsa wanda bai sake haɗewa ba. Ko fitila ba ya iya hurewa, matakala uku sai ya tsaya ya dafa bango. Na kai ƙara gaban alƙalin birni, ya saurare ni da kyau, sannan ya ce a dokar Sarmadana take na mai hatimin da ke kan takarda ne, baƙo kuwa ba ya riƙe hatimi. Ya ƙara da cewa wanda ya koyi rubutun Gidan Busa ba ya fita ƙofar gari sai a makara.

Na koma na sami Malam yana fiƙe alƙalami. Bai ɓoye fuska ba.

Ya ce, "Zauna, Nomau. Kana ganin kai ne na fari? Tun ina saurayi nake roƙon Allah ya ba ni take ɗaya nawa na kaina, ko gajere ne. Bai ba ni ba. Ya ba ni hannun gyara na wasu. Dattawan nan da kuke zaune tare a bene, kowannensu ya taɓa zuwa nan yana huci kamar kai. Ga su nan, suna ci suna sha."

Na ce, "Wana fa?"

Ya ce, "Za a ba shi aikin goge tagulla. Bikin kogi na tafe, ina son sabon abu."

Na ce to. Na hau bene na rubuta masa sabon abu. A cikinsa na sa badujala ta yi kira daga kan ganuwa, mabushi ɗaya ya amsa da sarewa daga cikin kwalekwale a kan kogi. Kira na fari, amsa daga kusa. Kira na biyu, a saki igiyar kwalekwalen ya yi nisa, amsa ta zo a raunane. Kira na uku, a ƙara saki. Malam ya karanta idonsa na ƙyalli. Ya tambayi wa zai amsa. Na ce amo na jinkiri a kan ruwa, sai wanda ya rubuta ne zai san lokacin shiga, Barau kuma ya riƙe mini takarda kada iska ta ɗauke. Ya dubi Barau da ke numfashi da ƙyar a kan tabarma, ya yarda, ya ce dai igiyar ta zama mai kauri.

Bayan amsa ta uku na rubuta wuri mafi wuya da na taɓa rubutawa, mai tsawo, mai gudu, kowane sahu na shiga ta ƙofar da ba a zata ba, yadda mai sanda ba shi da halin ɗaga ido daga takarda, ba shi kuma da halin tsayawa a gaban Magajiya. Bayansa na rubuta kira na huɗu.

Ranar bikin, da la'asar, aka zura mu kan ruwa. Suka kira na amsa. Suka sake kira na amsa. Da na sauke sarewa bayan ta uku, ganuwa ta ɗauki ruri, masu riƙon igiya ma suka juya suna kallon mabusa. Barau ya zaro wuƙar da ya ɓoye a cikin naɗin takardar, ya yi ta gurzar igiyar yana hutawa, har ta rabu. Kogin ya cika da ruwan damina, ya ɗauke mu kamar ganye. Mun sha kwanar farko ke nan muka ji kira na huɗu, siriri, daga nesa. Sannan shiru. Birni guda na jira.

Barau ya ce, "Amsa musu mana."

Na ce, "Ba ni da abin faɗa musu."

Ba mu fito da komai ba sai rigunan jikinmu da sarewa da takardar da ke cikin kwalekwalen. Algaitar Barau na can a ƙusa. Wahalar komowa ba sai na ja ku da ita ba, mun zagaye duwatsun maƙera ta kudu, wani wuri na goya shi, wani wuri masu jakuna suka ji tausayinmu.

A Dutsin Kirya muka tarar an naɗa ɗan baffanmu Sarkin Busa. Ya karɓe mu hannu biyu. Da na ce ina so in koya wa mutanensa rubutu, sai ya dubi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, mu uku ne duka mabusan garin, kuma mun san abin da za mu busa. Wannan zanen ka ajiye, ya yi kyau." Na rubuta abin da na riƙe na take-taken mahaifinmu, na sake rubuta Saukar Damina daga kaina yadda na yi shi tun farko. Yana nan a cikin adaka. Ba kayan da za su busa shi a ƙasar nan, ba kuma mai karanta shi sai ni. Barau ya koma tufkar igiya a ƙofar gida.

Bayan shekaru, wani mai tallar tasoshin tagulla ya ratso kasuwarmu. Da na ji harshensa na san mutumin Sarmadana ne. Na jawo shi gida na ba shi fura, ban gaya masa ko su wane ne mu ba. Na tambaye shi labarin Gidan Busa. Ya ce Malam Zabarjadi ya rasu, an gina masa hubbare, kuma duk shekara ana busa Tsawar Sarmadana don tunawa da shi. Ya ce mutane daga ƙasashe suke zuwa don doguwar muryar nan ta Giwa. Ana zaɓo ƙarti tun suna samari a yi ta kiwonsu dominta. Wasu sun faɗi a wurin, wasu an kai su gida ba su tashi ba.

Na juya in dubi Barau, sai na ga ya ajiye igiya ya matso.

Ya ce, "Malam baƙo, a cikinsu akwai wanda ya kai ta ƙarshe?"

"Babu. Sai na farkon kaɗai."

"Wane ne shi?"

Mai tasoshi ya ɗan yi tunani ya ce, "Wallahi ban sani ba. An dai ce wani baƙo ne."

Barau ya gyaɗa kai. Ya koma ya ɗauki igiyarsa, yana murmushi shi kaɗai. Yinin nan duka a cikin fara'a ya yi shi, har ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Da baƙon zai tafi ya raka shi har bakin hanya yana tsayawa yana tari, ya dawo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji ko, Nomau? Babu ko ɗaya."

Barau bai kai wata daminar ba.

Wannan shi ne abin da idona ya gani, kunnena ya ji. Wanda ya saurara Allah ya ba shi lada, wanda ya yi gyangyaɗi Allah ya ba shi lafiya. Ku tashi, rana ta yi sanyi.